Ledar da Ba a Taɓa Mayarwa Ba

Da hukumar garin Uwabe ta ce kowa ya riƙa ware shararsa kashi tara, ya zuba a farar leda ya rubuta sunansa, an yi taro an yi wa mutane bayanin teku da kifin da ke haɗiyar roba. Kowa ya gyaɗa kai, ya koma gida ya ci gaba da cusa komai wuri guda. Sai da aka ɗora Tsuruko Hamabe a kan wurin ajiye shara na layinsu aka shiga taitayi.

Ita Tsuruko babu ruwanta da kifi, sai dai a faranti. Abin da ta iya shi ne leƙen leda. Ta hango gwangwani a cikin takardu, sai ta manna wa ledar jar takarda, ta kai ta ƙofar mai ita ta dire, duk wanda ya fito ya karanta sunan. Maƙwabciyarta Michiyo kaɗai ta sha wannan kunya sau goma sha ɗaya. Shekara ashirin da biyu ana haka, layin ya zama abin kwatance, kuma ledar Tsuruko ba ta taɓa dawowa ba. Da wannan take tinƙaho, fiye da yadda take yi da 'ya'yanta.

Wata ranar Talata Tsuruko ta yi sammako, ta iske Michiyo a tsugune ta kwance wata leda tana tsince batura da murafun kwalba. Ta matso ta ƙanƙance ido, don idon ya soma gardama. Sunan ita Tsuruko ne a jikin ledar.

"Michiyo, me kike nema a sharata?"

"Yaya, ki yi kamar ba ki gan ni ba mana."

"Tun yaushe?"

Michiyo ta sosa kai. "Shekara biyu ke nan. Ni ranar Talata, matar mai wanki ranar Juma'a."

"Me ya hana ku kawo min ita ƙofa?"

"Haba Yaya! In taki ta dawo, wa za mu ƙara jin tsoro? Wallahi sati ɗaya layin nan zai koma juji."

Tsuruko ta karɓe ledar. Ta mayar da baturan ciki, ta ɗaure ledar, ta manna jar takarda da hannunta, ta kai ƙofar gidanta ta dire, sunan yana kallon hanya. Ta zauna bakin taga tana jiran hukuncin da ta shekara ashirin da biyu tana yanke wa mutane.

Ma'aikata suka wuce, mata suka wuce kasuwa, mai wasiƙa ya tsallake ledar yana gaishe ta. Kowa ya iso ƙofar sai ya tuna yana son duba ko za a yi ruwa. Har rana ta take tsaka babu wanda ya ga komai, kuma wannan ne ya sa ta kuka.