Kuben Gorar Ruwa

Baba Baduku bai taɓa hawa keke ba a rayuwarsa, bai ma yarda da shi ba. Duk da haka, a shagon gyaran keke tsufa ya ajiye shi.

Tun yana saurayi kube yake ɗinkawa, na wuƙa da na adda. A zamaninsa mahauta har rigima suke yi a ƙofar rumfarsa kan wanda za a fara sallama. Sai wuƙaƙe suka soma zuwa da gidansu na roba, mahautan suka janye ɗaya bayan ɗaya, matarsa ta rasu, mai rumfar ma ya karɓe abarsa. Autarsa ta ɗauko shi ya dawo gidanta, mijinta mai gyaran keke ya ba shi kusurwa a shagonsa, tsakanin famfo da kwanon ruwan duba faci. Nan yake jera aska da basilla da zare, ya wuni yana jiran aikin da ba ya zuwa. Ban da kusurwar nan, ba shi da wani wuri a duniya da ake kiransa da sana'arsa.

Surukin ba mugu ba ne, shagon ne ya yi kaɗan. Tayoyi sun cika ko'ina, kuma Auta ta riga ta gaya wa mahaifinta, kanta a sunkuye, cewa ana bukatar wurin.

Ana haka sai wani mai sayar da sababbin kekuna ya shigo da gorar ruwa a hannu. Yana son gidan fata da za a ɗaura a ƙarfen keke a riƙa sa gorar, idan ya yi kyau zai so a yi wa kowane keke da ke shagonsa.

"Baba, in aikin nan ya kama, ba mai ɗaga ka daga nan," in ji surukin.

Tsohon ya zaɓi fatar da ya daɗe yana ɓoyo saboda babban aiki. Ya yanka, ya jiƙa ta a ruwan ɗumi har ta yi laushi, ya naɗe gorar da ita, yana bi da babban yatsa yana dannawa. Tun da danshinta ya ɗinke ta, ɗinki ƙanana a jere, yatsunsa na ciwo yana cije baki. Sannan ya ajiye a inuwa, gorar na ciki, don fatar ta bushe ta kama jikinta. Haka ubansa ya koya masa, kuben kirki ba ya sakin wuƙa sai an matsa masa. Da ta bushe ya sa mata maɗauri biyu, ya goge ta da mai har tana sheƙi. Rabon da Auta ta ji mahaifinta yana tsokanar mutane tun kafin rasuwar uwarta, sai a kwanakin nan.

Mai kekunan ya dawo, ya juya abin a hannu ya yaba. Ya ɗaura a kekensa, ya hau don gwaji. Yana cikin tafiya ya miƙa hannu ya ja gorar, ta ƙi fitowa. Ya ƙara ja da ƙarfi, keken ya karkace, saura kaɗan ya faɗa kwata. Ya turo keken ya dawo, shi da surukin suka kama suna ja, gora ko motsi.

"Baba, mai keke da hannu ɗaya yake shan ruwa, ɗayan yana riƙe da kan keke," in ji mai kekunan a hankali.

"Don kada ta faɗi na matse ta."

"Na gani. Ai kuwa ba za ta faɗi ba."

"Sai in sake wani."

"To, zan leƙo."

Baba ya daɗe a kasuwa, ya san irin wannan leƙowar. Zuciyarsa ta karye, ba don aikin ya ɓaci ba, sai don ya san ya yi shi daidai, kuma daidai ɗin nasa ba mai bukatarsa yanzu.

Mutumin yana jiran gorarsa. Baba ya ɗauki aska ya bi ɗinkin nan, mafi kyawun da ya yi cikin shekaru, yana tsinka shi ɗaya bayan ɗaya har fatar ta buɗe. Ya goge gorar da bakin rigarsa ya miƙa masa.

Bayan ya tafi, tsohon ya naɗe kayan aikinsa a tsumma, ya share kusurwar.

"Baba, ba yau ba," in ji surukin.

"Gobe ma haka za ka ce, kai mai kunya ne," Baba ya ce. "Miƙo min tayoyin in jera maka."