Muƙamuƙin Inna da Maganin da Ta Ɓoye

Mai ɗorin ya dafa muƙamuƙin Innata, ya sa ta buɗe baki, ya saurari ƙarar da yake yi. Wata huɗu ke nan ba ta iya tauna komai, sai kunu. Mu a Jega, in ƙashi ya yi ciwo, Aliero, garin masu ɗori, muke fara zuwa kafin asibiti.

Sai ya janye hannunsa.

"Hajiya, wanga ba targaɗe ba na. In na ja shi, ɓata miki shi zan yi. Wane magani kike sha?"

Na yi caraf na ce, "Ba ta shan komai, Baba."

Inna ba ta dube ni ba. Ta buɗe jakarta, ta fito da kwalin magani.

Washegari muka kai kwalin asibiti, likita ya yi mini bayani. Ƙwayar rage sinadarin jikin mata ce, wadda ake ba masu cutar dajin nono. Tana iya raunana ƙashi, ta taɓa gaɓoɓi har da guringuntsin muƙamuƙi. Ya ce kada ta daina sha, za su duba gaɓar.

Nan ne Inna ta faɗa mini gaskiya. Ashe tafiyar da ta yi bara, wai jinyar ƙanwarta, ita Inna ce aka yi wa aikin nono.

Gida ɗaya muke da ita. Ku kun san maganin da iyayenku ke sha?