Tafin Hannu a Cikin Tukunyar Gwaji

Jama'a, wallahi wannan abin a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba. Shekarun baya ina aiki a Doha, a wani kamfani can unguwar masana'antu ta Sanaiya, muna haɗa ƙananan taurarin ɗan adam, ni kuma aikina gwada su kafin a harba. Muna da wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, sai mu sa tauraron ciki mu rufe, mu zuƙe iskar tas, mu saki sanyin da ko ƙarfe sai ya ji a jikinsa, domin kuwa haka abin yake can sararin samaniya. Batirinsa kuwa sai da 'yar hita mai ɗumama shi, in babu ita ya daskare ya mutu, aikin shekara biyu ya tashi a banza.

Rana ta uku da rufewa, na dawo daga sallar La'asar, na ja durowa ina neman biro, sai ga wayar da ke kai wa hitar wuta a kwance. Na manta ban haɗa ba! Innalillahi! Na ruga gaban kwamfuta, ko'ina sanyi ya kai ƙarshe, amma zafin batirin yana digiri talatin da bakwai, ko motsi ba ya yi.

Na kira Injiniya Bala, Bakatsine ne, ya girme ni a aikin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ƙanena, wannan ai ɗumin jikin mutum ne."

Na je na faɗa wa oga gaskiya, ya ce khalas, wato shi ke nan, a tsayar da gwajin. Sai da safe muka iya buɗewa, don a hankali ake mayar da iska. To, a jikin takardar nan mai ruwan zinare da muke naɗe batirin da ita, sai ga shatin tafin hannu, yatsu biyar dogaye, har zanen tafin ya fito raɗau. Mu kuwa ba mai taɓa tauraron sai da safar hannu, kuma ta ɓangaren da shatin yake, ko yatsa ɗaya ba ya shiga. Bala ya kai bayan hannunsa kusa, ya janye da sauri, ya ce, "Subhanallahi, da ɗumi." Batirin nan lafiyarsa ƙalau.

Oga ya rubuta cewa na'urar auna zafi ce ta yi ƙarya, alhali sau uku na gwada ta, ba ta da komai. Ni dai har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, ba don tsoro kaɗai ba. Mun tabbata babu abin da zai rayu a cikin tukunyar nan, ga shi wani ya kwana uku a ciki yana rufa min asiri, ban ma san wa zan yi wa godiya ba bayan Allah.

Shawarata, ko ina za ku shiga, ko kun tabbata babu kowa, ku yi sallama.