Ranar da Muka Yi wa Ajin Inna Jarrabawa

Aikina a wancan lokaci shi ne tsara azuzuwan yaƙi da jahilci, da bin su a ga ko ana koyon wani abu. A ofis muke zama a Sakkwato, fanka na kaɗa mu, mu yanke wa mutanen Wurno da Rabah da Goronyo lokacin da za su koyi karatu. Da farko mun sa ajin maza da la'asar a rani, daidai lokacin da kowa ke fadama yana ban ruwan albasa. Da ba su zo ba, muka rubuta cewa manoma ba su damu da ilimi ba, muka koma kan mata.

Ajin matan da ya fi cika shi ne na Gandi, garinmu. Wata malamar firamare, Kirista, mutuniyar Zuru, ita ke koyar da su bayan yara sun tashi. Ban san Inna, mahaifiyata, ta shiga ajin ba sai da ƙanwata ta gaya mini a waya. Ni ne ɗan Inna na fari, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana da magana da ni, ko ina zaune a gabanta, ƙanwata take gaya wa.

Da shekara ta zo ƙarshe, shugabanmu ya ce zai bi ni zagayen jarrabawa da kansa. Mutumin kirki ne, ya halarci tarukan bita da yawa, kuma daga kowanne yakan dawo da sabuwar dabara. Dabarar wannan karon ita ce kada a tambayi ɗalibai abin da ke cikin littafinsu, don suna haddacewa. Mai jarrabawa ya rubuta sunansa a allo, ya ƙara da cewa ya zo gari kaza yau. Ya ce hakan na sa ɗalibi ya saki jiki.

A Rimawa da Sisawa abin ya tafi daidai. Na rubuta, mata suka karanta, har da masu yi mini gyaran wasali.

Muka isa Gandi ranar kasuwa, amma ajin cike yake. Ina shiga na hango Inna a tabarmar baya. Ta ja mayafi ta juya fuska wajen taga. Na gaida su a jimla, na rubuta sunana, na ƙara da "ya zo Gandi yau". Shugaba ya duba ajin, ya ce a fara da babba don girmamawa, ya nuna Inna.

"Inna, ki karanta muna abin da ke ga allo," in ji shi.

Ta daɗe tana kallon allon. Na ga leɓenta ya motsa a kan kalmar farko, sannan ta ce a hankali, "Ya zo Gandi yau."

"Madalla. Na farkon fa? Mi anka rubuta?"

"Wanga ban iya shi," ta ce, ta sunkuyar da kai.

Ta kusa da ita ƙawarta ce tun ƙuruciya. Ita kuwa da ƙarfinta ta karanta: "Ɗan mutuniyata ya zo Gandi yau." Ta uku sunan mijinta ke nan, sai ta ce, "Mai sunan Malam ya zo Gandi yau." Da layi ya kai kan matasan matan, ba wadda ta yarda ta faɗi abin da iyaye suka tsallake. Kowacce ta fara daga "ya zo".

Na matsa kusa da shugaba na ce, "Ranka ya daɗe, ta farkon nan mahaifiyata ce."

"Shi ya sa ba za mu yi son kai ba," ya ce.

Malama ma ta biyo mu har mota tana bayani. Ta ce matan nan suna karanta takardar magani, suna neman suna a waya da kansu, a rubuta wata kalma a gani. Ya saurare ta da haƙuri, ya ce ya san al'adar, shi ma ɗan fari ne. Sai dai abin da aka yi a Rimawa shi za a yi a Gandi, in ba haka ba ba a yi adalci ba. Ta koma aji ranta a ɓace. Ni kuwa na kasa shiga gida cin tuwo, na bi mota muka tafi.

Rimawa da Sisawa suka ci jarrabawa. Aka yi musu biki, aka raba takardun shaida, aka rufe ajinsu tunda an gama da jahilci a can, har allon aka kwaso. Gandi ta faɗi, don haka aka ƙara mata shekara, aka aika da sababbin littattafai da bencina. Shugaba ya gabatar da jawabi a wani taron bita a kan wahalar da ɗalibai masu shekaru ke sha da kalmar farko a jimla, aka tafa masa. Ni na buga masa jawabin.

Bayan 'yan watanni na haɗu da malamin ajin Rimawa a tashar Goronyo. Ya ja ni gefe ya ce matan garin sun dame shi, yammacinsu ya zama fanko.

"Sun ce in tambaye ka," in ji shi, "ƙaƙa matan Gandi sunka yi sunka faɗi?"

Na ce masa sai sun samu ɗa a ofis. Bai yi dariya ba, ya tsaya yana tunanin ko akwai wani nasu da ke aiki a Sakkwato.