Malam Ashafa Hunkuyi da Baƙon da Ya Ci Tuwonsa

An haifi Malam Ashafa a garin Hunkuyi a shekarar 1909. Mahaifinsa shi ne Tukur, manomin rake, mahaifiyarsa kuwa Lantana, mutuniyar Furana.

Karatu da aure

Yana da shekara bakwai aka kai shi Dandamisa karatun allo, inda ya sauke Alƙur'ani a 1924. A 1933 ya auri Huseina, suka zauna a Makarfi, ya kama sana'ar mazarƙwaila da injin matse rake wanda doki ke juyawa.

Shugabancin ƙungiya

A 1957 masu wannan sana'a suka haɗa dawakinsu da injinansu suka kafa ƙungiya, suka naɗa shi shugaba saboda amanarsa da sakin fuskarsa ga baƙi.

Zuwan ɗan jarida

A ranin 1962 wani ɗan jarida ya zo daga Kaduna domin ya ga aikin ƙungiyar. Malam Ashafa ya amsa tambayoyinsa cikin natsuwa, sannan, bisa al'ada, ya kai shi zaure suka sa hannu a akushi ɗaya. A wajen cin tuwon ne ya ambata cewa wani mai sarauta ya kwashe dawakin ƙungiya zuwa taron siyasa har raken da aka sare ya bushe. A saninsa, abin da aka faɗa a kan akushi amana ce tsakanin mai gida da baƙonsa. Bai san kunnen ɗan jarida ba ya tashi daga aiki ba.

Maganar ta fito a jarida da sunansa, a zamanin da maganar da ba ta kai wannan ba ma ke kai mutum gidan yari. 'Yan ƙungiya suka janye dawakinsu ɗaya bayan ɗaya, maƙwabta suka daina tsayawa gaisuwa a ƙofarsa, shi kuwa da ya ji ƙarar mota sai ya shige cikin rake, yana zaton 'yan doka ne. Daga bisani sammaci ya zo. Dattawa suka sa baki ba a ɗaure shi ba, amma aka sa ya ƙaryata kansa a tsakiyar kasuwa, aka kuma rufe injinan har ƙarshen ranin.

Ƙa'idar da ya bari

Da aka sake buɗe injinan a 1963, ya kafa wa ƙungiya ƙa'ida: mutum ɗaya ne zai yi magana da ɗan jarida, a fili, gaban shaidu biyu, kan abin da ya gani da idonsa kaɗai, kuma a karanta masa abin da aka rubuta kafin a rabu. Abinci sai a kai wa baƙo masauki ya ci shi kaɗai. Yakan ce wa ɗansa Jumare, "Ka cika masa ciki, amma kada ka zauna." Shi kansa bai ƙara cin abinci da baƙo ba, ƙarar mota kuma ba ta daina tsinka masa zuciya ba.

Rasuwarsa

Ya rasu a Makarfi a 1966 bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarsa aka binne shi a Hunkuyi kusa da mahaifinsa. Ranar addu'ar uku ɗan jaridar nan ya zo ta'aziyya. Jumare ya karɓi gaisuwarsa a tsaye gaban shaidu biyu, ya sa aka kai masa tuwo zaure, baƙon ya ci shi kaɗai.

Ya bar 'ya'ya huɗu: Jumare, Ɗan'azumi, Indo da Zulai. Allah ya jiƙansa.