Kulocin Keken Yaya

Aikin nan ya ba ni wahala. Na gyara injin ban ruwa, na gyara na niƙa, amma ban taɓa haɗuwa da ƙarfe mai taurin kai irin wannan kulocin ba, abin da bai kai faɗin tafin hannuna ba.

Yayana gurgu ne tun yana yaro. Ɗinkin takalma yake yi a kasuwar Bungudu, kuma daga ƙauyenmu keken hannu yake tuƙawa ya je ya dawo. Da girma ya zo, kafaɗunsa suka fara ƙi. Wata rana na tarar da shi a gindin dogon yaro, rabin hanya, yana matsa kafaɗa yana cewa wai iska yake sha. Na san in ba a yi wani abu ba gida zai zauna, kuma mutum irin Yaya zaman gida kashe shi zai yi. Sai na ce zan sa wa keken inji.

Injin ma na maiɗakina ne, tsohon na markaɗe da ta jingine a bayan ɗaki. Da na ɗauka ta ce, "Malam, in ka lalata shi, kai da Yaya za ku riƙa daka mani tattasai a turmi."

Mai walda ya zaunar da injin a ƙarƙashin kujera. Saura kuloci, wato abin da ake sawa a bakin karanshaf, sandar nan da ke juyawa, don in inji yana kunne ba a ba shi wuta ba keke ya tsaya, in an ba shi wuta ya kama sarƙa ya ja. Na je Gusau na sayo. Na dawo ina murna, na kai shi bakin sandar, ya ƙi shiga. Raminsa ya yi ƙanƙane. Na koma, mai shagon ya ce irinsa ke nan gare shi, amma in gwada wani tsoho a Tsafe mai tara ƙarafan da kowa ya yar. Wannan karon na yi wayo, na ɗaure injin gaba ɗaya a bayan babur na tafi da shi. Tsohon ya zazzage buhu, muka yi ta gwadawa kamar masu zaɓen zobe, har muka dace.

A gida na goge tsatsar sandar da sanfefa har ta yi fari. Akwai wani ɗan guntun ƙarfe da ke shiga tsagin sandar ya riƙe kulocin kada ya yi juyin banza. Babu shi. Na yanko ƙarfe na zauna da magagari ina ci ina gwadawa, yatsuna duk suka saɓule. Yaya na zaune a tabarma yana ba da umarni.

"Buga mashi guduma mana!"

"Yaya, in na buga guduma cikin injin zai tashi aiki."

"To lallashe shi. Ka kai mashi goro."

Da kulocin ya shiga, sai na ga na juya shi baibai, haƙoransa ba su daidaita da na tayar baya ba, sarƙa na ta zamewa. Na cire, na juya. Wajen ɗaure ƙusar bakin sandar kuma, ina murɗa sufana sandar na bin hannuna. Sai da na cire fulogi na cusa igiya a ramin ta tokare cikin injin, sannan sandar ta tsaya na ɗaure tam. Na ce alhamdu lillahi, gobe sai gwaji, na tafi gona na duba geron da na yi watsi da shi.

Washegari da hantsi maƙwabta suka cika ƙofar gida. Yaya ya hau, ya gyara hula. Na ja igiya, inji ya tashi. Ya ba shi wuta. Inji ya yi kuka kamar zai tsage, hayaƙi ya tashi, keke ko motsi. Wani maƙwabcinmu ya ce, "Kai, wanga gudu ya yi yawa, a rage!" Aka fashe da dariya. Ni kuwa gumi kawai nake yi.

Na durƙusa na taɓa kulocin, hannuna ya fito baƙi ƙirin, yana naso.

"Yaya, mi ka sa ma abin nan?"

"Mai na ɗan ɗiga mashi. Na ji shi a bushe."

Ai kuwa na tuna. Tun muna samari, kullum bayan sallar asuba sai Yaya ya tsoma gashin kaza a gwangwanin baƙin mai ya bi duk wata gaɓa ta kekensa. A wajensa ƙarfen da bai sha mai ba an zalunce shi. Shi kuwa kuloci da bushewa yake kamawa. Ba ɗigawa ya yi ba ma, ɗura masa ya yi.

"Kyautata mashi na yi," in ji shi.

"Ka kyauta ƙwarai."

Na sake kwancewa, igiya da fulogi da komai. Na wanke cikinsa da fetur, na goge da sanfefa, na shanya a rana. Bayan la'asar na mayar, na tada inji. Yaya ya ba shi wuta a hankali, sarƙa ta miƙe, keke ya zabura. Ya zagaya masallaci, ya bi ta bakin rijiya, awaki na watsewa, yana ihu wai a ba shi hanya. Hularsa ta faɗi bai ko waiwaya ba. Maiɗakina ta leƙo ta kan katanga ta yi guɗa.

Da safe na sake ɗaure ƙusar, na ja masa igiya, ya ɗora akwatin ɗinkinsa ya kama hanyar Bungudu. Ya ce kada in bi shi, shi ba yaro ba ne. Na bar shi ya yi nisa, sannan na hau babur na bi shi daga baya, har na ga ya shiga kwanar kasuwa. Daga nan na juya na nemi mai shayi.