Rijiyar da Ke Bayan Laburare

Shekarun baya kaɗan, ina ajin ƙarshe a wata jami'a mai zaman kanta da ke gefen Zongo a nan Lome, na zaɓi in rubuta kundin kammala karatuna a kan tarihin jami'ar da unguwar da ta kewaye ta. Ƙasidar makarantar ta ce an gina ta ne a filin da babu kowa. Ni kuwa tun ina ƙarami nake jin mahaifiyata tana kiran wurin "bakin rijiya".

Na sa wannan a babin farko. Malamar da ke duba aikina ta zagaye shi da jan biro. "Où est la preuve? Ina hujja? Ko ka kawo ta kafin ƙarshen wata, ko ka cire babin."

Ban ga laifinta ba. Amma in na cire shi, tarihin zai fara ne daga ranar da aka aza tubali, kamar mu ne muka zo daga baya muka raɓe.

Mahaifiyata ta tura ni wurin wani tsohon malami, aminin marigayi kakana. Na hau zem, wato babur ɗin haya, riƙe da tambayoyi ashirin da na buga da Faransanci, da takardar amincewa da zai sa wa hannu. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba na miƙa masa biro.

Ya dubi biron, ya dube ni. "Jikan wane, sammaci ka kawo mini?"

"A'a Baba, bincike ne."

"To, ban san komai ba. Ka gaida gida."

Da na koma, mahaifiyata ta yi dariya har da hawaye. "Kai da bokonka! Ko saniya sai an shafa ta take ba da nono." Ta ƙulle mini goro a ganye. "Je ka zauna. Kada ka tambayi komai."

Ni da ko saƙon waya sai na karanta sau uku kafin in tura, ku ƙiyasta yadda na ji. Kullum bayan la'asar ina kan tabarmarsa, ana hirar ciwon gwiwa da ruwan sama, ni kuwa kwanakin da suka rage nake ƙirgawa. Sau biyu tambaya ta zo bakina, na haɗiye. Amma ban yi fashi ba.

Rana ta tara, in ban yi kuskure ba, ya ce, "Tashi ka raka ni in ga makarantar taku."

Bai nemi jagora ba. Da sandarsa ya wuce kai tsaye bayan laburare, wurin wani dandamalin siminti da na shekara uku ina cin abinci a kai. Ya ce lokacin da aka taso su daga cikin gari, babu ruwa a nan, su suka haƙa rijiyar da ke ƙarƙashin dandamalin. Ya kankare gansakukar gefen da bakin sanda, sai ga rubutun ajami: Bismillah, sannan "Sadaka ce ga duk mai ƙishi."

"Kakanka ya rubuta da ƙusa tun simintin yana ɗanye."

Washegari na lallaɓo malamata. Ta durƙusa tana bin haruffan da yatsa, Baba yana karanta mata. Da ta miƙe ta ce, "Da wannan za ka buɗe kundin."

Ba zan ce na canza wani abu babba ba. Ƙasidar, a iya sanina, har yau fili ba kowa take cewa. Baba kuma ya rasu, Allah ya jiƙansa. Amma kundin yana nan a laburare, taku kaɗan daga rijiyar. Har yanzu ni mai gaggawar neman hujja ne, sai dai in zan je wurin dattijo, biro yana aljihu, goro ne a hannu.